Zoben Zuhal da Turmin Tunkuza

Zaren nan da na gani a jikin tauraruwar, nata ne ko na hawayena ne? Tun ranar nake tambayar kaina. Na tambaya a kan sallaya, na tambaya a bakin murhu, har yau ban samu amsa ba. Wanda ya fi kowa son jin amsar kuwa yana kwance a maƙabartar bayan unguwarmu, nan Akurba, ba zai ƙara tambayata ba.

Ni ban yi boko ba, allo ma iyakata surorin da nake salla da su. 'Yata ce ke riƙe da biro, ina faɗa tana rubutawa. Malamar makaranta ce, kuma ita kaɗai Allah Ya bar mana cikin waɗanda na haifa. Na ce mata ta rubuta yadda na faɗa, har wurin da maganar za ta taɓa ta, don kuwa za ta taɓa ta.

Sana'ata mai da ƙuli, gadon mahaifiyata. A soya gyaɗa a kasko, a murje, a sheƙe ɓawon, a kai inji. Kullun nan mai kauri da ke dawowa daga inji shi ake zubawa a babban turmi. Sai ki ɗauki taɓarya, amma ba daka za ki yi ba, juyawa za ki yi ta gefe ɗaya, kina tsiyaya ruwan zafi kaɗan-kaɗan. Da farko kamar wahalar banza kike yi. Kafaɗa ta ɗauki zafi, kullu yana manne wa taɓarya, babu alamar komai. Can sai ki ga ya haɗe jikinsa ya zama tunkuza, ta yi duhu, ta fara naso kamar goshin mai noma. Daga nan mai ya tsattsafo ya kewaye ta, ita tana tsakiya, shi yana zagaye da ita yana ƙyalli. In kika yi sakaci kika bar ta ta huce ba ki kwashe ba, takan mayar da wani abu cikinta, ki sake sabuwar wahala.

Abu ɗaya mahaifiyata ta hana ni: in ana juyawa, ba a tambayar ko mai ya fito. Ta ce kunya gare shi, in ya ji ana cigiyarsa sai ya noƙe. Maigidana ya san wannan sarai, shi ya sa duk ranar da nake aiki sai ya leƙo daga zaure ya ce, "Mai ƙuli, ya fito?" Ni kuma in ɗebi ɓawon gyaɗa in watsa masa. Haka yake kirana tun ina amarya, mai ƙuli. Ni Malam nake ce masa.

Malam yaron masu safiyo ne, masu aunon fili. Shi ke jan tef, shi ke riƙe sandar nan mai ja da fari, shi ke sare ciyawa a buɗe hanya, shi ke dasa duwatsun siminti a kan iyaka. Shekarar da aka ba mu jiha, Lafiya ta cika da baƙi, kowa fuloti yake nema. Gonakin rogo na wajen Azuba duk aka bi su da tef. Malam ba ya dawowa sai rana ta yi ja, ƙafafunsa duk ƙaiƙayi, wandonsa cike da ƙarangiya.

Ogansa wani dattijo ne Kirista daga ƙetaren Binuwai, mai fara'a, mai son ƙulina da yaji. Hausarsa irin ta kasuwa ce, mace da namiji duk "kai" ne a wurinsa. Wata rana, lokacin girbin shinkafa, ya kawo Malam gida a motar aiki, ya ce kayan aunon su kwana a wurinmu tunda da sassafe za su wuce Assakio. Na zuba masa tuwo ya ci. Da Malam ya dawo daga sallar magariba, sai ogan ya dubi gabas, sannan ya ce a buɗe masa akwatin.

Na'urar da suke leƙawa ce in suna awo, mai gilashi gaba da baya, ana ɗora ta a kan ƙafafu uku na katako. Mu dai mai ƙafa uku muke ce mata. Ya kafa ta a tsakar gida, ya ɗaga bakinta sama, ya daɗe yana murɗa kusoshinta. Malam ya leƙa, na ji ya yi salati. Sai ogan ya yafuto ni.

"Madam, zo ka ga abu."

"Ni? Me na sani a kayan gwamnati?"

"Ba gwamnati a wannan. Na Allah ne. Zo, rufe ido ɗaya."

Na goge hannuna a zane na leƙa. Wata 'yar aba na gani kamar ƙwayar gero, launin man da nake tatsa, an soke ta da allura ta ɓullo gefe da gefe. Na ɗago na dubi sama da idona, tauraruwa ce kawai kamar sauran, sai dai ita ba ta ƙyafta ido. Ogan ya ce wata duniya ce, ta fi tamu girma nesa ba kusa ba, tana juyawa da gudu kamar katantanwar yara, kuma allurar nan zobe ne take sanye da shi. Ya ce yanzu ya yi siriri, amma mu jira shekaru, zai yi faɗi.

Malam ya ce, "Oga, wa ya sa mata zoben? Daga ina ya zo?"

Ogan ya yi dariya ya jefa ƙuli a baki. "Ni ƙasa nake aunawa, abokina. Wannan sai ka tambayi masu sama."

Washegari da ya dawo daga Assakio ya tambayi limamin unguwa, liman ya ce a littattafai Zuhal ake kiranta. Daga ina zoben ya zo kuwa, liman ya ce Allah ne masani. Malam ya ce gaskiya ne, amma ai Allah bai hana a duba ba.

Ba a jima ba ogan ya ajiye aiki zai koma garinsu. Yana da wata tsohuwar mai ƙafa uku ta kansa, da ta taɓa faɗowa daga bayan mota har ta daina awo daidai, amma gilashinta lafiya lau. Ita ya bar wa Malam. Na tuna ya ce, "Ba ta san ƙasa kuma, amma ta san sama." Akwatin ya samu wuri a ƙarƙashin gadonmu, kusa da kwallar kayan aurena.

Tun daga nan duk shekara muna da baƙuwa. Takan zo ta gabas bayan magariba, ta yi 'yan watanni, ta haye sama inda bakin na'urar ba ya kaiwa, sai kuma baɗi. Kowace shekara tana ɗan makara. Da farko lokacin kaka take zuwa, daga baya ta koma tsakiyar sanyi, a ƙarshe sai gab da faɗuwar ruwa. Tsakanin magariba da lisha Malam zai kafa ƙafafun nan uku kusa da rijiya, ya leƙa, ya kira ni in leƙa. Maƙwabta suka sa masa suna mai aunon sama, suna tambayarsa fuloti nawa ya yanka a can, a ajiye musu na bakin titi. Shi ma dariya yake yi.

Maganar ogan ta tabbata. Allurar ta yi kauri, ta zama kamar ƙwayar shinkafa, ta buɗe, har wata shekara na leƙa na ga abin da ba zan manta ba: ƙwallo a tsakiya, zobe kewaye da shi, fes, kamar an zana da hannu. Ƙarami ne ƙwarai, bai kai ƙwayar riɗi biyu ba, amma babu shakka a cikinsa. Na daɗe ban ɗago ba har miyata ta kama.

Cikin kwanakin nan ne, wata safiya ina juya tunkuza, Malam yana zaune a kan kujera 'yar tsuguno yana shan koko. Yau bai tsokane ni ba, ido kawai ya zuba wa turmin. Da mai ya kewaye tunkuzar sai ya ajiye kofin har kokon ya zube.

"Tsaya! Mai ƙuli, tsaya, kada ki kwashe."

"Lafiya? Kunama ce?"

"Dubi turminki. Me kika gani?"

"Mai na gani, Malam. Shekara nawa ina ganinsa."

"Wa ya zuba shi?"

"Wa zai zuba? Daga jikinta ya fito."

"To!" Ya buga cinya. "Oga bai ce juyawa take yi ba? Ana juya ta, ana juya ta, mai yana fita daga jikinta yana kewaye ta. Shekarar farko naso ne kawai muka gani. Yanzu ya fito sosai. Ba wanda ya sa mata zobe, nata ne, daga cikinta yake."

Na ce masa to Allah Ya ba da kasuwa, amma ya matsa in kwashe nawa kafin ya huce. Sai ya ɗaga yatsa ya ce wannan ma magana ce. Tunda babu mai kwashe na sama, wata rana za ta huce ta shanye abinta, mu zuba ido.

Ni a raina na ɗauka zancen safiya ne, zai bi iska. Ashe ya zauna masa ke nan har ƙarshen ransa.

'Yata tana kwalejin malamai a lokacin. Da ta zo hutu ya zaunar da ita ya kwashe mata duka, yana murna kamar wanda ya tsinci akuyarsa da ta ɓata. Ta saurara har ya gama, don yarinya ce mai ladabi, sannan ta ce, "Baba, ba haka aka koya mana ba."

"Yaya aka koya muku, 'yar boko?"

Ta ce masana sun ce zoben ba mai ba ne, ƙanƙara ce da tsakuwa, gutsi-gutsi, suna zagaya ta. Ta ce da yawansu suna ganin wani wata ne nata, kamar namu, ya matso kusa da ita fiye da kima, ƙarfinta ya farfasa shi, ɓaraguzan suka jeru suna kewaya ta. Faɗi da sirancewa kuwa, ta tashi ta ɗauko faifaina, ta riƙe shi a gaban fuskarsa. Ta karkata shi, ya ga faɗinsa. Ta daidaita bakinsa da idonsa, ya koma kamar tsinke.

"Ka gani, Baba? Faifan bai ƙaru ba, bai ragu ba. Karkata ce kawai."

Malam ya karɓi faifan ya jujjuya shi. "Wannan dabara ce, na yarda dabara ce. To wa ke riƙe da faifan yana karkata shi?"

"Wa ke riƙe da taɓaryar taka, Baba?"

Ya yi dariya har da tari. "Kin ji 'yarki, mai ƙuli? Kuɗin makaranta bai faɗi ƙasa ba." Sannan ya gyara zama. "Amma fashewar nan ce ban yarda ba. Na ga tulu ya fashe, na ga gilashin mota ya fashe. Ban taɓa ganin tsingaro ya jera kansa ya yi kyau haka ba."

"In yana gudu yana zagaye zai jeru. Kuma ai akwai fili tsakanin zoben da jikinta, kai ma ka gani. Man Inna a jikin tunkuza yake."

"Ki sa uwarki ta juya da ƙarfi ki ga inda man zai gudu."

Haka suka yi ta yi duk hutu, shekara da shekaru. Ba faɗa ba ne, amma wani lokaci murya takan hau, sai in ce su tashi mini daga bakin murhu. Ni ban taɓa shiga ba. Maganar faifai ta shige ni, ba zan ɓoye ba, don abu ne da ido ke gani. Amma wata rana bayan ta koma makaranta, muna zaune ina ɓare gyaɗar iri, ya ce da ni a hankali, "Mai ƙuli, ni abin da ba na so a maganarsu, a ce abin da ya matso kusa da kai don ya zauna tare da kai, shi ne za ka farfasa." Mun binne 'ya'ya ni da shi, wasu ko yaye ba su kai ba. Ban tambaye shi ko su yake nufi ba, na ci gaba da ɓarata.

Sai idonsa ya fara. Da farko gefe-gefe ne, yana karo da bakin ƙofa, yana taka kwanon da ke gefensa. Ya ajiye aikin safiyo. A asibiti suka ce ba yanar ido ba ce balle a kankare, ruwan cikin idon ne ke danne jijiya, abin da ya tafi ya tafi, sai dai a riƙe saura da maganin ɗigawa. Muka yi ta ɗigawa. Duniya ta yi ta ƙanƙance masa kamar mai leƙe ta cikin kara, har karan ma ya toshe. Shekarar da ya kafa na'urar ya leƙa ya leƙa, ya ɗago ya ce mini gilashin ya yi datti, na goge, ya sake leƙawa bai ga komai ba, ranar na shiga ɗaki na yi kukan da ban bari ya ji ba.

Washegari bayan magariba ya ce, "Fito da akwatin. Yau ke ce oga, ni ne yaronki."

Da hannu ya koya mini. Ya kama yatsuna ya ɗora a kan kowace kusa: wannan ta sama da ƙasa, wannan ta dama da hagu, wannan ita ke washe gani. Ya ce in nemi wadda ba ta ƙyafta ido, mai launin mai, in saita ta da ɗan tsinin da ke bayan na'urar kamar mai harbin tsuntsu. Na sha wuya. Hannun da ya saba da taɓarya bai san a hankali ba, in na taɓa sai sama duka ta gudu. In na samo ta kuma ba ta tsayawa, tana silalewa gefe, sai an bi ta. Yana zaune a kujerarsa yana cewa, "Sannu-sannu, ba turmi ba ne." Ni kuma in ce in ya matsa mini zan bar masa kayansa in koma wurin tuwona.

Amma na iya. Na zama idonsa. Kuma abin da nake gaya masa kowace shekara shi ne zoben yana ramewa. Filin nan da ke tsakani ya rufe. Ya koma ƙwayar shinkafa, ya koma allura. Malam yana jin haka yana gyaɗa kai. "Ta huce. Ta fara shan abinta." Bara kuwa na leƙa har idona ya yi ruwa, ban ga komai ba sai ƙwallon shi kaɗai, tsirara.

Ranar ya sa aka kira 'yata, lokacin tana aure a cikin gari tana koyarwa. Tana shigowa ya ce, "'Yar boko, ina watanki da ya fashe? An share tsakuwar ne?"

"Baba, faifan ne ya daidaita da idonmu. An san da haka tun tuni, yana cikin littafi. Zai dawo."

"Ni ma na ce zai dawo."

"To ka ga dawowarsa ba za ta raba mu ba ke nan."

Ya murza gemunsa. Can ya ce, "Za ta raba. In faifai ne, ranar da ya fara dawowa, da tsawonsa zai dawo, siriri amma dogo, daga nan har can. In mai ne, a jikinta zai fara, gajere, kamar naso, sannan ya yaɗu. Ko ba haka ba, mai ƙuli?"

Na ce mai dai a jiki yake farawa, wannan na sani.

'Yata ta ce ta yarda da wannan sharaɗi. Ta ce ma za ta kawo hoton da aka ɗauka da manyan na'urori, Inna ta duba ta gaya masa. Ya ce a'a. Hoto wani ne ya ɗauka, shi bai san shi ba, bai san abin da ya gyara ba. Idon da ya yarda da shi a duniya guda ɗaya ne ya rage, ga shi nan zaune yana tsinke zogale.

Wannan nauyi ya ɗora mini, kuma na ɗauka da murna, don na ga abin ya ba shi abin jira. Mutumin da ya yi rayuwarsa a daji yana auna ƙasa da ƙafarsa, ya koma daga ɗaki sai zaure, sai an ja shi zuwa masallaci. Baƙuwar nan ce kaɗai ta rage masa. Cikin azumi, cikin sanyi, sai ya ce, "Saura kaɗan ta zo."

Kafin ta zo ciwo ya riga ta. Ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya yi masa wuya, ba ya iya kwanciya sai a jingine. Aka kwantar da shi asibiti, aka sallamo mu da magunguna, likitan ya ja 'yata gefe ya yi mata magana, na ga fuskarta da ta dawo. Ban tambaye ta ba.

Da baƙuwar ta iso bana, zafi ya yi tsanani, sama duk ta yi dishi-dishi. Na kafa na'urar sau da yawa, ƙwallon yana rawa kamar abu a cikin ruwa, ba a gane komai. Kullum ya tambaya, kullum in ce sama ba ta ba da hanya ba. Sai ruwan farko ya sauka da la'asar, mai ƙarfi, ya wanke gari. Da magariba sama ta fito tas, ƙasa tana ƙamshi, shinge, garar nan mai fiffike, yana tashi. Malam ya ji iskar a fuskarsa ya ce, "Yau ce. Fitar da ni."

Na kama shi muka fito a hankali, na zaunar da shi kusa da rijiya, na lulluɓa masa mayafina. Nauyinsa a kafaɗata bai kai na buhun ɓawo ba. Na kafa ƙafafun, na saita, na same ta tun a karon farko. Tana tsaye cak, ba rawa.

Ina murɗa kusar washe gani, ina jin numfashinsa a bayana, yana shiga da ƙyar yana fita da ƙara. Sai abin da na gani a fuskar 'yata a asibiti ya faɗo mini. Na san a raina ba za mu sake wata shekarar tare a bakin rijiyar nan ba. Idona ya cika.

Kuma a daidai lokacin na ga zare. Siriri kamar gashin jariri, ya ratsa ta. Na ƙyafta, ya yi tsawo har ya kusa bakin gilashin. Na sake ƙyaftawa, ya dawo gajere, ya manne a jikinta. Na ɗago na goge ido da bakin zane, na dubi fitilar maƙwabta, ita ma na ga ta yi zare dama da hagu. Duk wanda ya taɓa kuka ya san haka haske ke yi wa mai hawaye.

"Mai ƙuli," ya ce. "Ya fito?"

"Malam, ai ba a tambaya."

Ya yi 'yar dariya da ta zame masa tari. Na bar na'urar na riƙe shi har ya lafa. Da na koma ta silale, na bi ta na samo, na goge ido, na leƙa. Da na ce na daure, sai in ji numfashin nan, idon ya sake kawo ruwa. Idon ma da ma hayaƙin kasko ya gama cinye rabinsa.

"Gaya mini abin da kika gani."

"Na ga kamar zare."

Ya miƙe zaune, da ƙarfin da ban san yana da shi ba. "Dogo ko gajere?"

"Malam, ban sani ba."

"Yaya ba ki sani ba? Ya wuce jikinta da nisa, ko yana manne?"

"Wani lokaci dogo, wani lokaci gajere. Ban ma san ko nata ne ba."

Sai ya miƙo hannu yana lalube, ya samu fuskata, ya shafa kumatuna, ya ji su a jiƙe. Ya daɗe hannunsa yana wurin.

"Haba, oga," ya ce. "Wa ya taɓa awo yana kuka? Da a wurin aiki ne da an kore ki."

Da na ce masa gajere ne, da ya kwana da farin ciki. Ya zo bakina. Amma mutumin nan ya ce idona kaɗai ya yarda da shi, ba zan sayar masa da abin da ban tabbatar ba. In kuma dogon ne gaskiya, shi ma da ya so ya ji, na san shi. Da ya kira 'yarsa ya ce ta ci, ya yi mata dariya, ya nemi wata hujjar. Ko wanne na ba shi da ya karɓa. Ni ce ba ni da ko ɗaya.

Aka kira lisha, sanyin ruwan ya fara shigarsa, na mayar da shi ɗaki. Ya ce ba komai, gobe ma rana ce.

Washegari hadari ya haɗu tun la'asar bai watse ba. Jibi ma haka. Damina ta kama ke nan, kowace magariba gabas a rufe. Nakan fita in duba in dawo, ba ya ma tambaya, yana ganewa daga takuna.

Yanzu na fita takaba. Cikin watannin nan hannuna bai iya taɓa akwatin ba. Da na samu ƙarfin zuciya na duba gabas inda ya koya mini, ba ta nan, lokacinta ya wuce. 'Yata ta ce za ta dawo, zoben kuma zai buɗe, za mu kafa na'urar mu duba tare. Ta ce dogo ne, Inna, tun ranar ma dogo ne, haka lissafi ya nuna. Mai yiwuwa gaskiyarta ne, ba ta saba yi mini ƙarya ba, ga shi ma tana rubuta wannan tana share ido. Amma ba lissafi ya tambaya ba. Ni ya tambaya abin da na gani, kuma a ranar da yake da kunnen ji.

Ranar da zai tafi, da hantsi ne. Ya ce ya gaji da ɗaki, in fitar da shi ya ji motsin aiki. Na jingina shi da bango a inuwa, na sa masa matashi, na koma kan turmina, don akwai masu jiran mai ranar kasuwa. Ina juyawa yana saurare. Ya san ƙarar, ya san lokacin da kullu ke sakin taɓarya. Na jira ya tsokane ni yadda ya saba, har na tanadi ɓawon da zan watsa masa. Bai tsokana ba. Da na kwashe man na juyo in ba shi tunkuza mai ɗumi ya ɗanɗana, na tarar kansa ya langaɓe a kafaɗa, hannunsa a buɗe a kan cinya.

Kafin nan kaɗan, ina tsakiyar juyi, ya kira ni. Ban ma ɗago ba, na ce na'am. Ya ce:

"Mai ƙuli, iskar yau ta bushe, ina jin sama za ta washe. In an yi magariba ki sake duba mini. Amma ki yi kukanki tun da rana, ki gama."